Siminti ya sauka, amma ina hilin da za mu zuba shi?



Shirin da muka yi ranar Assabar kan maganar haya ya ƙare ba mu gama ba. Waya ta yi ta ƙara har mai kula da na'ura ya ɗaga mana hannu sau biyu, lokaci ya cika, mutane na layi. Abin da ya rage a bakinmu shi ne za mu zuba a nan, kuma tun yanzu muna roƙon afuwa ga wanda zancen zai taɓa, don zai taɓa mutane.

Cikin waɗanda suka kira akwai wani malamin lekol ɗan kwantaragi, shekarunsa 34, matarsa guda, ɗiyansa uku. Ya ce cikin shekara shida ya tashi gida sau huɗu. Na ƙarshe mai gida ya aiko mashi cewa ɗansa zai yi aure, yana son ɗakunan. Malam ya ɗaura kaya bisa amalanke, ya bar gida cikin mutunci. Sati biyu bayan nan ya bi ta ƙofar gidan, sai ya iske baƙo a ciki, ba ango ba amarya, an dai ƙara kuɗɗin haya ne. Ya ce mana: "Ni ban kira in zagi kowa ba. Ina son ku tambayar mani, mu da ba mu gaji gida ba, ina aka tanadar mana?"

Wannan tambaya ita ce ta mu duka, don mu ma da ke bayan makirho haya muke biya. Kuma amsar da muka saba ji ta ishe mu. A ce matasa ba su da tattali. A ce gida rabo ne, mai rabo zai gina. Mun yarda da rabo, ba mu ja da shi. Amma akwai abin da hannun mutum ya ƙulla cikin wagga matsala, kuma shi za mu kira da sunanshi.

Mu fara da lissahi, don shi ba ya jin kunyar kowa. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya ma'aikaci a Nijar ya daɗe yana jika 30 da ɗan kai tun 2012, sai a 2024 aka kai shi jika 42. Malamin firamare ɗan kwantaragi yana amsar jika 75 a wata, in ta zo a kan lokaci. To mu ɗauka an gina gida ɗan madaidaici, ɗaki biyu da salo, aka sa mashi miliyon 10, kuma duk wanda ya taɓa tambayar kuɗɗin gida a Yamai ya san mun sassauta ƙwarai. Mu ɗauka banki ya yarda ya riƙa cire kashi ɗaya cikin uku na albashin malam, jika 25 kowane wata. Wata 400 ke nan. Shekara 33 da wata huɗu, ba a sa kuɗɗin ruwa ba, ba a sa rashin lahiya ba, ba a sa suna ko rasuwa ba. Malamin da ya kira mu zai gama biya yana da shekara 67. Wane banki ne zai ba ɗan kwantaragi bashin shekara 33? Babu. To shi ma mai albashi ne. Ina ga ɗan kabu-kabu, da tela, da makanike, da mai shayi, da yarinyar da ke saida awara tana ciyar da uwarta da ƙannenta? Waɗannan su ne mafi yawan matasan Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma ba su da takardar albashi ko ɗaya da za su ajiye gaban ma'aikacin banki.

Kada wani ya ce abin ya zo wa magabata ba zato. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mun haura miliyon 17, muna ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a shekara. Tun 1998 ƙasar nan ta kafa dokar siyasar muhalli, kuma lissahin da hukumomi da kansu suka daɗe suna maimaitawa shi ne ana bukatar gidaje 40,000 sabbi kowace shekara, 5,000 a Yamai kaɗai. An sani. An rubuta. An yi taruka a manyan otel an sha lemo a kai.

Me aka gina? Muna da SONUCI tun zamanin Diori Hamani, kamfanin ƙasa ne da aka kafa don wannan aiki. Muna da unguwannin da ake kira site, kamar Site Faisal da Site Kes a Yamai, da gidajen da aka gina don wasannin Farankofoni na 2005. Zamanin shugaba Mahamadou Issoufou an yi alkawarin gidajen talakawa 25,000 a wa'adi na biyu. A ƙarshen 2018 aka buɗe bankin muhalli, BHN, aka ce ga maganin matsala ya zo. Ba mu ce ba a ɗora bulo ko guda ba, an ɗora. Amma muna roƙon duk mai karanta wannan rubutu ya duba danginshi, ya duba unguwarsu, ya ƙirga matasa nawa ya sani da suka shiga gidan gwamnati. Mu dai mun ƙirga a ɗakin watsa shiri, mu biyar, ba mu samu ko ɗaya ba.

Dalili a bayyane yake. Abin da ake kira gidan talaka a takarda, bila ce ƙarama mai katanga da garaji. Sharaɗin shiga: albashi mai bi ta banki, kuɗɗin somin taɓi mai kauri, da shekarun aiki da suka rage maka kafin ritaya. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa ba talaka ba ne, babban ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa ko ɗan ƙasa mazaunin waje. Ba mu yi masu hassada, su ma suna da haƙƙin gida. Amma a daina sa sunan talaka bisa abin da ba a ɗinka da awonshi ba. Sau da yawa ma wanda ya samu gidan yana da wani, sai ya sa wannan haya, ya koma yana amsar kuɗɗi hannun wanda aka ce don shi aka gina.

Yanzu mu zo ga inda gizo ke saƙa, wato hili.

Iyayenmu ba su jira gwamnati ta gina masu ba. Sun samu hili, sun buga tubali da rani, sun ɗora ɗaki guda, baɗi su ƙara wani. Haka Zariya da Ali Ɗan Tsoho suka cika a Maraɗi, haka Garin Malam a Damagaram, haka Bukoki da Talaje a Yamai. Bahaushe ya iya gina gidanshi sannu-sannu in ka ba shi wurin tsayawa. Wurin tsayawar ne aka ƙwace mana.

Kowa ya san yadda lotisma ke tahiya. Gari ya matso kusa da gona. A auna gonar, a yanka ta parsal-parsal, a ba mai gona wani kaso, sauran ya shiga hannun ma'aikatar magajin gari ko hannun ɗan kasuwar da ya samu izinin yankawa. A ƙa'ida kuɗɗin da aka samu su ne za su kai ruwa da kuran da hanya da magudanar ruwa ga sabuwar unguwa. A zahiri ma'aikatun magajin gari da dama sun maida saida hili tamkar rijiyar da suke ɗebowa su biya albashi da bashi. Ita kanta gwamnati ta taɓa yin haka: a farkon mulkin Tanja an biya ma'aikata bashin albashinsu da parsal. Ma'aikacin da ke bin wata da watanni, ga bashin mai shago ga na mai haya, me zai yi da takardar hili a bayan gari? Da yawa sun saida ta da araha. Wa ya saye? Mai kuɗɗi a hannu. Tun daga nan hili ya tashi daga wurin kwana ya koma wurin ajiyar dukiya.

Ku hita bayan gari ku gani da idonku, hanyar Dakoro ko hanyar Ɗan Isa, ko hanyar Filinge in kuna Yamai. Katanga bayan katanga, ba rufi ba hayaƙin girki. Wani wurin ko katangar babu, duwatsun awo ne kawai cikin tumfafiya. Mutum ɗaya ya riƙe ilo guda, wani biyu, ya rubuta su da sunan matanshi da ɗiyanshi har da jinjiri. Ba zai gina ba, ba zai saida ba, jira yake kwalta ta iso. Ba ya biyan komi na a zo a gani a kan wannan ajiya, kuma kowace shekara tana ƙara daraja yana barci. A gefe guda ga saurayi da amaryarshi cikin antire-kushe, tabarma da katifa da risho duk ɗaki guda, makewayi ɗaya tsakanin iyali takwas.

Wanda ya yi ƙarhin hali ya tara kuɗɗin adashe ya sayi hili, shi ma bai tsira ba. Hili ɗaya, takarda biyu, wani lokaci uku. Ka je ka zuba yashi, gobe ka iske wani ya zuba tsakuwa. Ku je ku zauna ƙofar gidan shari'a rana ɗaya ku ji kashi nawa na ƙararraki na hili ne. Wuraren da aka ware a taswira don lekol da likita da kasuwa da hilin wasan yara, da yawa sun narke sun koma gidaje da shaguna. A Yamai har dajin da aka dasa ya kewaye gari don tare iska da rairayi an yi ta gutsurarshi. Wanda ya sa hannu ga takardun nan ba aljani ba ne, yana da ofis, yana da hatimi.

A nan dole mu hwaɗi laihinmu mu ma. Sau nawa muka karanta tallar lotisma a rediyo, da murya mai daɗi, "ku hanzarta, saura kaɗan", ba mu tambayi mai tallar ko yana da izini ba, ko akwai ruwa a wurin, ko wurin ba hanyar ruwa ba ne? An biya, mun karanta. Wani ya ji muryarmu ya amince ya kai kuɗɗinshi. Wannan nauyi yana wuyanmu.

In mutum ya rasa hili mai takarda, ina zai nufa? Zai nufi wurin da ba mai so: bakin gulbi, cikin kwari, tsohon ramin da aka ɗebi laka, hanyar da ruwa ya saba bi tun kaka da kakanni. Damanar 2024 ta nuna mana kuɗɗin wannan. Sama da mutum 300 suka rasu a ƙasar nan, sama da miliyon ɗaya abin ya shafa. A ƙarshen watan Agusta ruwan kwana ɗaya ya yi mana ɓarnar da Maraɗi ba za ta manta ba. Har komawa lekol sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, don azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka faɗi. Kafin nan Yamai ta gani a 2012, aka kwashe mutane zuwa Seno, ta sake gani a 2020 lokacin da madatsar Lamorde ta ɓalle. Kowane karo sai mu ji ana cewa mutane ne ke da taurin kai, an hana su zama a wurin sun ƙi. Wa ke son kwana yana sauraren katangarshi tana jiƙa? Ba taurin kai ya kai su can ba, can ne kaɗai aljihunsu ya kai.

Gaskiya a hwaɗe ta: bayan wannan ambaliya, a watan Oktoba na 2024, hukumomin ƙasa sun rage kuɗɗin siminti da kashi 35 cikin 100, tan guda ta koma jika 55 a Yamai. Mataki ne mai kyau, mun yaba a rediyo, muna sake yabawa. Tan guda buhu 20 ne, buhu ya kama jika 2 da dala 150. Mai ƙaramin albashi in ya ƙi ci ya ƙi sha wata guda zai sayi buhu 15. Amma wa ya fi cin moriyar wannan sauƙi? Wanda ke da hili. Mai ilo biyu yanzu zai jera selibateriyom da araha, kuma ba mu ji mai gida ko ɗaya da ya rage haya don siminti ya sauka ba. Wanda ba shi da hili, ko kyauta aka ba shi buhu ɗari, a ina zai zuba? Abin da matakin siminti ya tabbatar mana shi ne hukuma na iya sa hannu cikin kasuwa in ta ga dama. To ta sa hannu inda ciwon yake.

Mun san abin da za a ce. Za a ce ƙasa na cikin yaƙi, kuɗɗi na tahiya ga tsaro, ba lokacin gina gidaje ba ne. Ba mu raina wannan magana, muna da ƴan uwa a bakin daga. Amma babban abin da muke nema ba kuɗɗi yake ci ba, ƙarhin zuciya yake ci.  Me zai hana a ce kowane sabon lotisma, na ma'aikatar magajin gari ko na ɗan kasuwa, sai an ware kaso na ƙananan parsal ga waɗanda ba su taɓa mallakar hili ba, a yi ƙuri'a a bainar jama'a, a liƙa sunaye a bango kowa ya karanta, a biya kaɗan-kaɗan, kuma a hana saidawa sai bayan shekaru? Me zai hana hilin da ya shekara goma ba gini a ɗora mashi haraji mai zahi, har mai shi ya gina ko ya saki? Me zai hana a ce ba a saida parsal ko guda sai famfo ya isa wurin? Ba sai an ciyo bashi daga waje ba kafin a yi wannan. Sai dai zai ɓata wa wasu manya rai, shi ya sa ba a yi.

Sannan a cire mana wannan tunani cewa gidan gwamnati dole na saidawa ne. Matashi mai shekara 25 da ya yi aure bana ba bila yake nema ba. Shambur-salo yake nema mai ruwa da makewayi nashi, da hayar da ba za ta tashi don mai gida ya yi sabuwar amarya ba. Gidajen haya na hukuma, ƙanana, kusa da gari inda ɗan kabu-kabu zai samu fasinja, su ne za su sa masu gidajen haya su shiga taitayinsu, don ɗan haya zai samu wurin gudu. Za a ce mutanenmu ba su biyan kayan gwamnati. Mutanen nan kowane wata suna biyan mai gida, suna biyan kuɗɗin kuran da na ruwa, suna zuba adashe ba fashi. Ba biya ne ba su iya ba. A ba da gidan bisa gaskiya, ba ta hanyar ɗan uwan wane ba, a ga in ba za su biya ba.

Kuma ba dole sai siminti da ƙarhe ba. Mun ji masu cewa laka ta gama yayi, ga shi har tsohon masallacin Birni a Damagaram ya faɗi a watan Satumba na 2024. Ya faɗi, zuciyarmu ta sosu. Amma ya tsaya sama da shekara 150 kafin ya faɗi, gidajen bulo nawa ne za su kai haka? Masallacin Yama a jihar Tawa da laka magini Falke Barmu ya gina shi, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Yamai, unguwar Yamai 2000, Mariam Kamara da abokan aikinta sun gina gidaje da tubalin ƙasa da aka matse da inji, bene ne ma, duniya ta zo tana kallo. Muna da maginan da suka koyi rufin ɗaki ba itace ba kwano. Laka mai tushe na ƙwarai, a wuri mai tudu, da magudanar ruwa, ta fi ɗakin kwano sanyi a watan Afrilu, kuma kowa ya san abin da zahin Afrilu ke yi wa jinjiri. Abin da ya kada gidaje a 2024 wurin da aka gina su ne da rashin hanyar ruwa, kafin a zo ga laka. Gwamnati in ta gina nata da tubalin ƙasa, kunyar da muke ji ta gidan laka za ta ragu, kuma kuɗɗin zai tsaya hannun maginanmu.

Masu cewa matasa na ƙona kuɗɗi wajen biki, ba mu ce ƙarya suke ba. Akwai wanda zai kashe abin da ya isa tushen ɗaki cikin kwana uku na anko da kiɗa da hayar kujeru. Wannan namu ne, mu gyara. Amma ko an soke biki gaba ɗaya, malam mai jika 75 yana nan da shekararshi 33.

Ku kuma masu gidajen haya, iyayenmu ne ku, yayyenmu ne ku, da yawanku gumi kuka yi kuka gina, kuma mun san akwai ƴan haya masu cin amana, su bar bashi su tsere da dare. Amma abansi na wata shida, ga kosiyon, ga la'adar dillali wata guda, daga hannun yaron da bai gama biyan bashin sadaki ba, Alhaji, wannan ba ciniki ba ne. Ƙasar nan tana da dokar haya tun 1996. Ɗan haya nawa ya taɓa ganin ta? Nawa ne ke da yarjejeniya a rubuce? Doka kowace iri aka sa wa hannu, in babu ofishin da ɗan haya zai kai kuka a saurare shi ba tare da ya kashe kuɗɗin hayar wata uku ba, takarda ce kawai.

Ranar Assabar mai zuwa za mu koma kan maganar, ƙarhe takwas na dare. Mun aika goron gayyata ga ma'aikatar magajin gari da ofishin da ke kula da hilaye, kujerunsu na nan ko sun zo ko ba su zo ba. Tambayoyinmu uku ne, mun ba su tun yanzu don kada a ce mun yi masu kwanton ɓauna: parsal nawa aka yanka a garin nan cikin shekara goma, nawa ne aka gina a kai, kuma nawa ne suka shiga hannun wanda ba shi da wani? Wanda ke da takardar hilin da aka saida wa mutum biyu, ko rasit na abansi da aka ƙi maida mashi, ya kawo mana kwafi a gidan rediyo kafin Juma'a. Za mu rufe suna, mu karanta lamba.